Fuskar Goggo a Hoton Aurenmu

Litinin

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya, kin kuma tarar da 'yarmu da jaririnta cikin ƙoshin lafiya. Ki shafa min kansa.

Kin ce ba zan iya riƙe gida mako biyu ba. To, saurara. Jiya ina neman maganin ciwon kai a durowarki, sai na ci karo da kwalin tsinken auduga, irin na goge kunne. Maɓallin rimot ɗin nan da ya maƙale tun bara, da tsinke ɗaya na zagaye shi ya dawo daidai. Daga nan ban san lokacin da na bi ramukan rediyo da lungun taga da fukafukan fanka ba. Zif ɗin jakata ma na ɗiga masa mai da shi, yanzu sai santsi. Shekara talatin ina zaman ofis, ashe nan baiwata take.

Gida dai ba daɗi babu ke, amma yana ƙyalli.

Naki har kullum,
Mijinki

Alhamis

Uwar 'ya'yana,

Ina gaisuwa. Yaya mai jego, yaya kuma ƙafar taki?

Kafin ki ci gaba da karantawa, ki nemi kujera. Kin san hoton aurenmu na falo, wanda ba mu da wani sai shi. Na hango ɗigon datti a kumatun Goggonki, wadda ke tsaye kusa da ke. Na ciro hoton daga gilashi, na tsoma tsinke a ruwan goge jan farcenki, na shafa a hankali. Dattin ya fita. Kumatun ma ya bi shi. Garin daidaitawa hanci ya tafi, sannan ido ɗaya.

Na ɗauko man takalmi mai ruwan ƙasa da sabon tsinke, na zauna na mayar mata da fuska iya ƙoƙarina. Maƙwabcinmu tela ya shigo, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wane dattijo ne wannan mai gemu da ya ɗaura ɗankwali.

Kwana biyu ke nan abinci ba ya min daɗi. Na san darajar danginki a wurinki. Ki yafe min, duk hukuncin da kika yanke na karɓa.

Mai neman afuwa,
Mijinki

Asabar

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya, ƙafa ta yi sauƙi, jikanka sai ci da barci.

Na karanta wasiƙarka, na yi dariya har 'yarka ta fito da gudu, ta ɗauka wani abu ne ya same ni. Kwantar da hankalinka ka ci abinci. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne, Goggon nan ce ta raɗa min a kunne, ana dab da ɗaukar hoton, cewa aurenmu ba zai kai wata uku ba, wai ba ka yi kama da mai amfani ba. Shekara talatin da huɗu ina share falo tana hararata daga bango, kunya ta hana ni sauke ta.

Idan da sauran tsinke, mijinta ne mai doguwar hula a bayanka ta hagu. Shi ya ce wata biyu.

Taka,
Matarka