Ragar Ƙarfe a Kan Bangon Baba Garba

Alhamis, 19 ga Mayu, 1988

Yau ƙubbar ta fito a talabijin. Mako uku ina fama da kwamfutar makarantarmu, layi tamanin na BASIC, sai yau da la'asar ta fara jera alwatika ɗaya bayan ɗaya kamar mai saƙa ragar kifi, har suka haɗe a sama. Ɗari da goma sha biyu. Na yi ta kallo har janareto ya mutu. Allah ya sa na riga na ɗauke a kaset.

Rufin ɗakin haihuwa ne na Ɗantutture. Mutanen garin sun gina shi da ƙasa, zagayayye, ya yi faɗin da azara ba ta kaiwa, kuma Turai ungozoma ta ce ba ta son ginshiƙi a tsakiyar ɗakinta. Ni na ce musu za a yi da rodi, a lulluɓe da waya, a shafe da siminti. Lamba ɗaya kawai na ba injin, faɗin ɗakin, ya ba ni tsawon kowane rodi. Ni Gidiyon malamin lissafi, yau kam kaina ya kumbura.

Asabar, 21 ga Mayu

Na kwafe tsawon rodunan da hannu na kai wa Labaran mai walda a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Ya juya takardar ya ce, "Malam, rodin ke nan fa, in na yanka babu na biyu." Na ce ya yanka.

Dina matata ta tambaye ni ko sau nawa na auna ɗakin. Na ce sau ɗaya, kudu zuwa arewa, da'ira ai ko ta ina faɗinta ɗaya ne. Ta ce to. Shekara tara da aure, na san wannan "to" ɗin.

Laraba, 25 ga Mayu

Hadari ya taso a gabas, ya watse. Bango a buɗe.

Na tuna ranar da na je awo, Baba Garba maginin ya miƙo mini wata igiyar rama, wai mu zagaya bangon da ita, "kowane gehe da halinshi." Na nuna masa tef ɗina na ƙarfe, na yi masa godiya. Ban san abin da ya kawo wannan cikin raina yau ba.

Asabar, 28 ga Mayu

Ƙubbar ba ta zauna ba.

Mun kai guntayen da a-kori-kura, muka haɗa zoben gindin ƙubbar, maza goma sha biyu suka ɗaga shi kan bango. Gefen gabas ashe yana da tozo, ya fi sauran tsawo da wajen taƙi biyu. Zoben ya hau tozon ya karkace, kudu da arewa suka rataye a iska, hannuna har gwiwa yana shiga ƙarƙashi. Gari guda yana kallo. Wani ya yi dariya, ban juya na ga ko wane ne ba.

Na ce bangon ne a karkace, a sare tozon. A gaban mai gari na faɗa, da ƙarfi kuma. Baba Garba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ruwan garin ga daga gabas shi ke tahowa. Da gangan na ɗaga mai kahwaɗa, na shahe da makuba tun rani ta bushe. In ka sare, ɗanyar ƙasa za ka buɗe ma ruwa." Na ce masa lissafi ba ya ƙarya. Ya ce shi ma bai ce yana yi ba.

Mai gari ya ce ranar Laraba, in babu wata dabara, a kawo diga. Baba Garba ya ce ranar ba za a gan shi a wurin ba.

Lahadi, 29 ga Mayu

A coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Turai ce ke ta dawo mini. Jiya da zan hau babur ta tare ni, ta ce mata uku ne wata ya kama, kuma in damina ta sauka hanyar Kurfi ba ta biyuwa da mai naƙuda. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Tsoro nake ji, gaskiya. In an sare tozon ruwa ya ci bangon, aikin rani guda ya tafi, kuma bakina ne ya jawo.

Litinin, 30 ga Mayu

Na roƙi abokin aikina Cornelius ya riƙe mini aji, na koma Ɗantutture. Na samu Baba Garba a gindin bangonsa yana gyaran kwando. Na gaishe shi, ya amsa. Na ce, "Baba, igiyar nan tana nan?" Ya tashi ya ɗauko.

Ya kafa sanda a tsakiyar ɗakin. Wuri goma sha shida muka tsaya, daidai inda ƙafafun ƙubbar za su sauka. A kowane wuri shi ya ja igiya ya ƙulla ƙulli, ni na auna tsawon bango. Babu biyu da suka zo ɗaya. Yamma ma ya sassauta ta saboda indararo. Yana ƙulli yana gaya mini dalilin kowane gefe, ni kuma ina rubutawa kamar ɗan aji ɗaya.

Talata, 31 ga Mayu

Na cire layin da ke cewa ɗakin da'ira ne. Layi ɗaya tak, shi ya jawo duk wannan. A madadinsa na shigar da lambobi talatin da biyu daga igiyar da littafina, na sa injin ya ɗora kowace ƙafa inda bango yake, sa'annan ya sake lissafa rodunan.

Zanen farko ya fito da ƙaho a gefe, na manta ɗigo a wata lamba. Na gyara. Ina cikin ɗauka a kaset janareto ya mutu, komai ya goge. Na zauna ina kallon baƙin gilashi. Sai da na bi mai kula da janareton har gida ya ƙara mini awa ɗaya, na sake bugawa daga takarda.

Ƙarfe biyar da rabi ta fito. Mummuna ce, ta ɗage gindi a gabas kamar mace ta tattare zani za ta tsallake kwata. Amma sahu uku na sama ba su canza ba. Na ƙasa ne kawai: rodi goma sha ɗaya a rage musu tsawo, biyar a ƙara musu da ragowar guntaye.

Laraba, 1 ga Yuni

Labaran ya ce guntayen za su isa in bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Na aika wa mai gari a mayar da diga.

Juma'a, 3 ga Yuni

Ta zauna. Duka ƙafafu goma sha shida. Baba Garba ya zagaya yana tura wuƙarsa ƙarƙashin zoben, ba ta shiga ba. Ya ce, "Injin naka yana jin magana ashe." An ɗaura waya, gobe siminti. Gabas ta yi baƙi tun azahar.

Lahadi, 5 ga Yuni

Jiya mun shafe rabin gabas kawai, Baba Garba ne ya ce a fara daga nan, ban yi musu ba. Wajen la'asar ruwa ya sauko da iska, a kwance yake zuwa. Muka jefa tabarmi da buhuna kan ɗanyen simintin muka shige ciki, ni da shi da Turai. Ta yamma yayyafi yana shigowa ta cikin waya. Ni gabas nake kallo. Ina jin ruwan yana dukan tozon nan da na ce a sare, fiye da awa ɗaya. Da ya tsaya muka fita. Makubar ta yi duhu, ko ɓantare ba ta yi ba. Wata katangar ƙasa da ke kusa, wadda ba a shafe ba, ta zube rabi.

Baba Garba bai kalle ni ba, na gode masa da wannan.

Alhamis, 9 ga Yuni

An gama rufi ranar Talata. Turai ta aiko cewa Hawwa'u matar Manu, ɗaya daga cikin mata ukun nan, ta sauka a ɗakin jiya da hantsi, mace, ana ruwa a waje.

Igiyar tana rataye a ƙusa bisa kwamfuta. Ba wani abu ba ne, ban samu mai zuwa Ɗantutture ba ne kawai. Cornelius ya zo yana so in lissafa masa rufin wani zagayayyen ɗakin karatu a Makera, ya ce ya riga ya auno faɗin, mita biyar. Na ce ya ajiye takardarsa, ranar Asabar mu je mu zagaya. Na tambaye shi sunan maginin.