Ruwan da Na Zuba a Kaskonki

Bron, Lyon, Nuwamba 1996

Zuwa ga Ruwaida, sanyin idona, inuwata a ranar zafi, farin watan da ya fito mini a ƙasar da ba tawa ba,

Sallama irin ta mai laifi, wanda ya zo bakin ƙofa ya kasa ƙwanƙwasawa. Ina fatan kina lafiya, da Baba, da duk mutanen gida a Stains, can gefen Paris.

Kin tuna ranar da kika taso daga Paris da ɗan kasko a jakarki? Kika hura gawayi a kan risho, kika barbaɗa turaren wuta, kika ɗauki farar rigata kika riƙe ta bisa hayaƙin, kina murmushi, ba ki ce uffan ba. Ni kuwa sakarai, hankalina na kan maƙwabcina Bature da ya fara buga ƙofa yana faɗan hayaƙi. Na buɗe taga, na kwarara ruwa a kaskon. Da hawayenki suka zubo, sai na ƙara da cewa sensibilité ɗinki ta yi yawa. Wayyo bakina! Magana zarar bunu ce.

Jiya na samu ƙanwarki Nadia a waya, ta wanke ni tas. Ashe ragowar turaren da marigayiya Innarku ta haɗa da hannunta a Damagaram ke nan, wanda ta ce kada ki ƙona shi sai a kan rigar mijin da kika zaɓa! Ashe amsar tambayata ta neman aurenki kika kawo mini, ni kuma na kashe ta da ruwan famfo! Ina na ajiye hankalina? Ba a gidan da ake turara tufafin ango aka haife ni ba?

Da, na ɗauka kalmar nan ta Faransanci, sensibilité, rauni take nufi, saurin kuka kawai. Yanzu na gane: kunnen zuciya ne, mai jin abin da baki ya ji kunyar faɗa. Ke Allah ya ba ki ita, ya sanyin raɓata. Ni ne kurma, wallahi, kuma kunya ta ishe ni.

Ba ni da turaren da zan mayar miki. Wa zai dawo da hannun Inna? Gafara kawai nake roƙo, da alkawarin ba zan sake kiran hawayenki rauni ba har ƙasa ta rufe idona.

Rigar na nan, ban wanke ta ba, ba kuma zan wanke ba. Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa in zo Stains sanye da ita. Ƙamshin yana raguwa kullum, Ruwaida. Don Allah ki buɗe mini ƙofa tun da sauransa.

Naki, yau da gobe, ko kin yafe ko kin ƙi,
Saley