Pompon Kifi a Rijiyarmu

Yaya Sani, ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Kwatano? Mu nan Hawandawaki fari ya matsa.

Pompon tankin kifin teku da ka aiko daga otel ɗinku, mun zura shi rijiya. Ashe juya ruwa kaɗai ya iya, bai ɗago ko ɗigo ba. Mutane sun wuni jira, rai ya ɓaci. Wani makiyayi ya fasa wa Baba kai da sanda, ni kuwa na zubar mashi da haƙori. Soji suka zo suka zane mu duka.

Ka gaishe da matarka Hadiza, ka roƙa wa Baba sauƙi. Injin kwashe kumfar tankin kifi da ka ce za ka ƙaro, bar shi. Ruwan da zai yi kumfar za ka roƙa mana.

Ƙanenka, Habu