Hoton da Baba Ya Nema a Kufan Dorsey

Elko, 4 ga Satumba, 1986

Ƙanena Orrin,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, in ma kana raye. Kwana uku ka ce za ka yi a Dorsey, yau mako uku ke nan. Hoto ɗaya tak Baba ya roƙe ka, na ɗakin injin da ya shekara ashirin yana jawo mahaƙa daga ramin zinariya. Garin nan kufai ne, ko kare babu, balle ka ce wani ya tare maka gaba. Ginin guduwa yake yi?

Likita ya ce ƙurar ramin ta gama cin huhunsa, kada mu sa rai zai ga bazara. Ni ke juya shi, ni ke jan tukunyar iskar numfashinsa. Kullum da safe sai ya ce, "Verna, mai akwatin hoton nan ya aiko?" Na gaji da ƙirƙiro maka uzuri.

Ka huta lafiya.
Yayarki da ta ƙoshi,
Verna

Dorsey, 11 ga Satumba

Yaya Verna,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, a gaida Baba. Kin rubuta "yayarki", ko haushin ne ya mayar da ni mace?

Ki yi haƙuri, wannan kyamarar ba irin ta biki ba ce. Sai na kafa ta a kan ƙafafu uku, na lulluɓe kaina da baƙin ƙyalle, ginin ya fito mini a kife. Fim ɗinta falle-falle ne, kowanne ya kai faɗin littafi, ɗaya ake sakawa. Goma sha biyu na zo da su. Iska ta ɓata biyar, ƙura ta ɓata biyu, ɗaya kuma ni na manta ban zare marufin ba. Ga shi masu filin sun liƙa takarda, katafila za ta rushe komai ranar ɗaya ga wata.

Amma shekaranjiya iska ta kwanta. Na ɗauki hoton, na wanke shi a banɗakin masaukina da ke ƙauyen kusa, ga shi nan a cikin ambulan. Har ƙusoshin kwanon za ki iya ƙirgawa. Ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba.

Naki,
Orrin

Elko, 16 ga Satumba

Orrin,

Gaisuwa a taƙaice.

Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ya yi kyau. Amma wannan ai ofishin manaja ne. Sau biyu ana korata daga aiki a bakin ƙofar nan." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗauka shi ke nan. Ɗakin injin yana bayan tudu, kusa da tulin tsakuwa.

Mako huɗu kana bauta wa ginin da ba shi ba! Na ce masa me ya hana shi yi maka kwatance, ya ce, "Ai bai tambaya ba." Tun ranar da ya ce ɗaukar hoto ba aikin maza ba ne kuka mayar da ni gidan waya. Shekara goma sha takwas, "gaya wa ɗan'uwanki", "gaya wa Baba". Na ajiye aikin.

Yanzu ya kafe sai an kai shi ya nuna maka da yatsa. Likita ya ce hauka ne, na ce na sani. Ranar Asabar zan shimfiɗa masa katifa a motar maƙwabcinmu Etcheverry. Kada ka motsa daga nan.

Verna

Dorsey, 23 ga Satumba

Yaya Verna,

Da fatan kun isa gida lafiya, jikin Baba kuma bai tashi ba.

Kina mota kina fushi, ba ki ga abin da ya faru ba. Na zaunar da shi a bakin ƙofar ɗakin injin, na ce ya yi shiru na daƙiƙa huɗu kawai. Ya ce, "Kai, ni za ka ba wa umarni a ɗakina?" Daga nan ya shiga ba ni labarin ranar da igiya ta tsinke da mutum shida a ƙasa, da yadda ya riƙe birki da hannu biyu har fatar tafinsa ta saɓule. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin wannan ba, Yaya. Ina ƙarƙashin ƙyallen, na gode Allah da bai ga idona ba.

Ginin ya fito tar. Fuskarsa kuwa ta yi dishi-dishi, don bakinsa bai tsaya ba. In aiko, ko zai ce na sake ɓatawa?

Orrin

Elko, 26 ga Satumba

Orrin,

Muna lafiya. Na karanta masa wasiƙarka, ya juya fuska bango, can ya ce mutum bakwai ne, ba shida ba.

Sauran amsar ba ni zan ɗauko maka ba. Na kwashe kayan ɗinkina daga ɗakinka, na sa zanin gado. Ka zo da hoton a hannunka, ka tambaye shi da bakinka. Ka yi sauri.

Yayarka,
Verna