Rigar da Na Ƙi Sawa

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jaririn da ban gani ba tukuna. Ki shafa min kansa.

Na san rediyo ta riga ni gaya miki, to ki kwantar da hankalinki. Ina asibiti, an naɗe min rabin fuska. Maganin da suke ɗura min yana sa ni yawo ina kwance. Fanka na juyawa a hankali, sai in ji kamar gadon ne ya kama hanya, ina bayan tirela a kan buhuna, titi na ta miƙewa ba ya ƙarewa. Jiya har muryarki na ji ta bayan labule, ashe nas ce.

Ga yadda aka yi. Onarabul ne ya gayyace ni harbin zabi a dajin da manya ke zuwa. Kin san ni da bindiga sai kallo, amma mai motoci irin nawa ba ya ce wa ɗan majalisa bai iya ba. Muka isa da sassafe, raɓa ta kwanta, tururi na tashi daga fadama kamar ƙasa na numfashi. Mai kula da dajin, wani dattijo marar surutu, ya raba riguna masu launin lemo don a riƙa hango juna. Maman yara, sak irin wadda na yi dako da ita a tasha, har ratsin nan mai ƙyalli. Ranar da na sayi motata ta farko na rantse ba za ta sake hawa jikina ba. Dattijon ya miƙo min, ya sake miƙowa, na ce ya riƙe abarsa.

Na ɗan ja baya cikin doguwar ciyawa ina kallon ruwa. Zabi suka tashi ta bayan layin maharba, Onarabul ya juyo da bindiga ya harba, abin da dattijon ya hana tun farko. Ban ji ƙara ba. Sama kawai na ga ta matso kusa, gashin tsuntsu na saukowa sannu-sannu.

Yanzu lauyansa da nawa sun zama abokai, tare suke shigowa suna dariya. Suna so in gaya wa 'yan sanda ba a ba ni riga ba, ba a yi mana gargaɗi ba. Wai ta haka sai laifi ya koma kan dattijon, Onarabul ya tsira da kujerarsa, ni kuma ba a ji abin kunyata ba. Tsohon yana tsare tun ranar. Babban ɗanki ya ce in bi masu ilimi. Na tuna masa cewa da guntuwar sakandarena aka haɗa digirinsa.

Jibi 'yan sanda za su zo ɗaukar bayani. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mai Tirela


Maman yara,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin 'yarmu, ya kwanan jariri? Saƙonki ya iso, na sa an karanta min har ya ƙare, na ce a sake.

Ɗan sandan ya zo da la'asar, rana ta zubo ta taga ta cika ɗakin, komai ya yi launin zuma. Lauyoyi na tsaye a bakin ƙofa, ɗanki na zaune a gefen gado. Na buɗe baki da niyyar faɗin abin da aka koya min, sai na ga harshena bai saba ɗaukar kayan wani ba tare da na san abin da ke ciki ba. Na ce an ba ni riga, ni na ƙi. Na faɗi dalili, a gaban kowa, har sunan tashar. Na ce an hana juyawa baya da bindiga, kuma wanda ya juya ɗin yana nan a majalisa.

Lauyana ya tattara jakarsa. Ɗanki ya fita bai sallame ni ba. An ce kwangilar jigilar da Onarabul ya yi min alkawari ta bi iska, kuma kotu za ta raba mana laifin, shi da ni. Bari ta raba. Nawa kason zan ɗauka, ba yau na fara ɗaukar kaya ba.

Dattijon ya kwana a gidansa jiya.

Ki gaida mutanen gidan duka. Idan mai jego ta yi ƙwari ki taho, ki lallasar min yaron nan, ke yake ji.

Naki har kullum,
Mai Tirela