Wa Ya Haɗa Miki Sararin Sama?

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, Gwanar Allura, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Ke ce raɓar da ke kwana a kan ganyen zuciyata, ke ce iskar nan da ke riga hadari isowa ta sanyaya gari. Tun da Babbarmu, 'yarmu ta fari, ta zo ta ɗauke ki zuwa gidanta, wai a duba miki gwiwa ki dawo, gidan nan ya zama sheƙar da tsuntsu ya tashi ya bari. Kekenki na ɗinki yana nan a lulluɓe da zanen da kika rufa masa. Takalminki na tsakar gida yana bakin ƙofa, ban yarda mai shara ta matsar da shi ba. An ce mini makonni kaɗan ne, ga shi damina ta zo ta wuce ba ki ga ko ɗaya daga cikin furannin da kika shuka ba.

Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ni dai na gode Allah, ƙirjin ne yakan yi mini gardama da safe, hannun kuma yana nan da rawarsa. Amma ba don in kai miki ƙarar jikina na ɗauki alƙalami ba. Hutun ƙarshen shekara ya matso, yara za su taru a wurinku kowa da 'yar kyautarsa, ni ma ina so in ba ki tawa. Sai dai akwai tambayar da ta hana ni jin daɗin zaɓen kyautar: wa ya haɗa miki sararin sama?

Kin tuna ranar da Auta ya kawo mana kwalin farko, bayan na ajiye aiki a ofishin duba yanayi? Hoton jirgin ruwa ne a bakin teku, an yanyanka shi gutsi-gutsi, wai mu zauna mu mayar da shi yadda yake. Na ce masa, "Wato mun tsufa har an fara saya mana kayan wasan yara?" Kafin in rufe baki kin zazzage shi a kan teburin da kike yanka yadi. Kika tsince masu miƙaƙƙen gefe ɗaya bayan ɗaya, kika ce ke ba kya fara aiki sai kin ga iyakarsa, ko yadi ne ko hoto. Sannan kika turo mini duk shuɗayen da bayan hannunki, kika ce, "Ungo, Malam Mai Gajimare. Ka ƙare ƙuruciyarka kana ɗaga kai sama ana biyanka albashi, yau ga ranar amfaninka. Ni duk shuɗin nan iri ɗaya nake ganinsa."

Haka muka raba duniya tun daga ranar, ke da gefe da gidaje da mutane, ni da sama. Kina tahowa daga ƙasa ina saukowa daga bisa, har yatsunmu su haɗu a kan rufin wani gida ko a ƙololuwar wata bishiya, ki buge mini hannu ki ce in koma gonata. Wace rana ce ta fi waɗannan ranakun haske? Shekara da shekaru ban taɓa ganin kin ɗauki gutsuren sama ba, sai dai ki miƙo mini shi ba tare da kin ko dube shi ba.

To, ga hoton da Babbarmu ta turo mini a waya, wai in ga yadda kika warware har kin koma wasanki. Kina zaune a gaban tebur, kin yi kyau kamar wata daren tsakiyarsa, wannan kam ba na musu. Amma a kan teburin, sama ta haɗu tsaf daga wannan kusurwa zuwa waccan, gefen ƙasa kuwa ko fara shi ba a yi ba. Ke, ki bar gefe a warwatse? Ke da ko zanen gado ba kya iya gani da zare yana reto?

Na ɗauki sandata na lallaɓa wurin mai gyaran waya na bakin layinmu, na ce ya buɗe mini hoton a babban allonsa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, bincike ake yi ne?" Na ce ya yi aikinsa. Kofin shayi biyu na gani. Kusa da na biyun akwai tabarau mai kaurin baƙin firam, irin na maza.

Da na kira Babbarmu, sai da ta gama dariyarta sannan ta ce, "Haba Baba, kishi a wannan shekarun? Na baban maigidana ne. Tun da matarsa ta rasu ba shi da abokin hira, yakan leƙo ya gaishe da Mama." Yakan leƙo. Wato tsohon likitan haƙoran nan mai yawan turare, wanda a bikin Babbarmu ya yi ta yabon ɗinkinki har abincinsa ya huce. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa bakin jama'a, me ya sani game da gajimare? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na duba aikin nasa gutsure-gutsure ina neman kuskure, ban samu ba.

Da wannan zuciyar na je kantin littattafan nan na kusa da gidan waya in zaɓa miki kyauta. Mai kantin ta san mu, har ta tambaye ki. Ta fito da wata shimfiɗa mai laushi ta ce, "Wannan sabon yayi ne, Baba. Ana haɗa hoto a kai, a naɗe shi kamar tabarma bai wargaje ba, a ɗauka a kai shi ko'ina." Na ce, "Ko'ina kamar ina? Sashen wa?" Ta dube ni, ta mayar da ita. Ta kawo faranti mai ɗaki-ɗaki na ware gutsattsari, ta ce har mutum biyu sa iya aiki da shi a lokaci guda. Na ce ta ajiye. Ta kawo gam da firam, wai in an gama a manne a rataye a bango. Mu da muke wargaza namu mu sake daga farko, yanzu kuma aikin wani zan saya wa firam? Ta ce to in kawo hoton aurenmu, akwai inda ake mayar da shi na haɗawa. Na ɗan ji daɗin wannan, har na fara murmushi, sai na hango likitan nan ya riƙe hancina tsakanin yatsunsa yana jujjuya shi yana neman inda zai shiga. Na ce a'a.

Ta gaji da ni, ta ce, "Baba, kyauta ka zo saya ko rigima?" Sannan ta jawo wata fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin ƙara girma a bakinta. Ta ce, "Wannan ta masu raunin ido ce, amma na san Mama ba ta buƙata."

A nan ne na ja kujera na zauna, ina kallon fitilar.

Hasken rayuwata, zargina biyu ne. Na fara da ƙaramin ne don shi bakina ya fi iya faɗa.

Gutsattsarin da ke kan teburin nan manya ne, irin waɗanda ake saya wa yara, alhali ke ce kike raina duk kwalin da bai kai guda dubu ba. Hannuwanki kuma suna kan cinyarki, a kife, kamar na baƙuwa. Ban taɓa ganin hannuwanki a zaune kusa da aikin da bai ƙare ba. Idonki ma ba a kan mai ɗaukar hoton yake ba, yana can gefe kaɗan, inda babu kowa.

Tun yaushe rabonki da ki amsa mini saƙo da kanki? Kullum Babbarmu ce ke cewa, "Mama na gaisuwa." Ran nan da aka haɗa mu a waya muna ganin juna, da gangan na sa rigar nan ruwan ƙasa mai cinyayyen wuya, wadda kika yi rantsuwa sai kin mayar da ita tsumman goge keke. Na zauna daidai hasken taga ina jiran faɗa, ina ɗokinsa kamar yadda manomi ke ɗokin tsawa. Kika yi murmushi kika ce, "Malam, yau ka yi kyau."

Na kashe wayar.

Gwiwa aka ce mini. Wace irin gwiwa ce ke hana mace ganin rigar mijinta? Ina zargin idonki ne ke tafiya, kuma kun haɗa baki ke da yaran nan kun ɓoye mini saboda ƙirjina. Ina zargin likitan ne ya haɗa hoton shi kaɗai, ya fara ta inda ya ga dama, aka zaunar da ke a gabansa aka ɗauka don a kwantar wa tsoho da hankali. Da kun san abin da kuke yi, da kun sa shi ya fara da gefe.

Kin ga inda kuka kai ni? Yau ni ne nake ɗaga hannu ina roƙon Allah ya sa kishina ne ya yi gaskiya. Na yarda a ce kina zaune da idonki garau kina dariyar barkwancin mai cire haƙora, na yarda ya sha shayinsa a kofina ma in ya so, in dai idanun nan da suka zura zare a allura da magariba ba tare da fitila ba suna nan yadda na san su. Wane irin miji ne ke fatan a ce yana da abokin takara? Ga shi nan, shi ne ya rubuto miki.

In kuwa ba ke ce ke karanta takardar nan da kanki ba, to ke mai karanta mata, na san ke ce, Babba. Kada ki tsallake layi ko ɗaya, kada kuma ki sassauta murya a inda ban sassauta ba. Ba na fushi da ke, na san tausayina kika ji. Amma uwarki matata ce tun kafin ta zama uwarki, kuma ba a ɓoye wa mutum duhun da ya shiga ɗakinsa.

Yanzu ki saurara, farin cikina, ki ji abin da na yi da na dawo gida. Na sauko da kwalinmu na jirgin ruwa, na zazzage shi a kan teburinki, na ɗaure idona da ɗankwalinki. Na sa hannu ina lalube. Kin san me na gano? Gefe ba da ido ake gane shi ba, da yatsa ne. Miƙaƙƙen bakin nan yana faɗa wa yatsa sunansa tun kafin a ɗaga shi. Ni da hannuna ke rawa kamar ganye a iska na tara tuli guda, kuma da na kwance ɗankwalin, kaɗan ne suka yaudare ni. To ina ga ke, da yatsunki ke bambance yadi da yadi a cikin duhu? Ba wanda ya gaya miki haka a gidan nan, don ba wanda ya san yadda kike aiki sai ni. Sun ga idonki ya raunana sai suka karɓe miki teburin gaba ɗaya.

Washegari na koma kantin. Ban sayi fitilar ba, ba zan sayi abin da zai yanke hukunci a kan idonki kafin in ji daga bakinki ba. Na sayi wani hoton haɗawa na katako, mai kauri, wanda yatsa ke jin kowane lungu nasa. Hoton wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar ruwa, sauran duk sama ce, shuɗi a kan shuɗi, da gajimaren da ko ni sai na yi da gaske. Mai kantin ta ce ya daɗe a ajiye ba wanda ya so shi. Na ce dama ni yake jira.

Kuma ba aiko shi zan yi ba. Na je wurin likitana, ya ce shi ba ya ba ni shawarar doguwar tafiya. Na ce masa ba shawara na zo nema ba, maganin da zai ishe ni hanya na zo karɓa. Direban nan maƙwabcinmu zai kai ni tasha ranar da aka rufe makarantu, ya kuma yi alkawarin sama mini kujerar gaba. Na san Babba za ta ce matakalar gidanta ta fi ƙarfin ƙirjina. A shimfiɗa mini a falo, kusa da tebur, dama can ne aikina yake.

In na iso na tarar idonki lafiya, ki yi mini dariya har ki gaji, ki gaya wa jikoki kakansu ya zauce, zan ɗauka da hannu biyu, har in gaishe da likitan in yaba masa aikinsa. In kuwa na tarar abin da nake tsoro ne, to ba a rage mana komai ba sai gaggawa. Ki lalubo gefenki ki jera, ni in riƙa gaya miki launin abin da ke hannunki. Hannunki bai taɓa rawa ba, idona bai taɓa gajiya da kallonki ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo: ranar da na shigo, kada ki ce na yi kyau. Ki gaya mini gaskiya tun ina bakin ƙofa.

Ni ne naki tun gashina yana baƙi, naki yau da ya koma kamar audugar gajimare, naki ko kina ganina ko sai kin shafa fuskata kin gane ni, har ranar da numfashin nan mai gardama zai daina gardama.

Mijinki,
Mai Gajimare