Gidan da Ke Bayan Jar Mota

Belcourt, 21 ga Oktoba

Yaya Rosella,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida. Yaya gwiwar nan taki, ta saki kuwa? Yaya yara da makaranta? Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara leƙo mu.

Yaya, gari ya rikice! Kin ji sabuwar dokar zaɓe? Wai duk mai son jefa ƙuri'a sai ya nuna katin shaida mai ɗauke da sunan titi da lambar gida. Akwatin gidan waya ba ya ci. To ki gaya mini, yaushe gidan Baba ya taɓa samun lamba? Hanyar kanta ba ta da suna. In ba a yi wani abu ba, tsohon nan ba zai yi zaɓe bana ba, shi da bai taɓa fashi ba tun da ya dawo daga soja.

Ranar Lahadi bayan coci muka kwashi 'yan kallo da mijina Duane a kan tebur. Wai, "Ke Verna, mene ne na tada jijiyar wuya? Ko maganin tari za ki saya sai kin nuna kati. Maguɗi ake gudu." Na ce masa, "Daɗin abin kai a birnin Fargo aka haife ka, a titi mai fitila. Mu da ake kwatanta gidanmu da tafki fa?" Baba ya shanye miyarsa, sannan ya dubi Duane ya ce, "Ɗan nan, matar da ke duba sunaye a rumfar zaɓe ni na riƙe ta ranar baftismarta. Ita ce za ta ce ba ta san ni ba?" Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Kin san yadda yake yawan cewa an haifi mahaifiyarsa a ƙasar nan tun kafin gwamnati ta yarda cewa mu 'yan asalin ƙasar ma 'yan ƙasa ne.

Ga albishir dai: ofishin ƙabilarmu zai buga wa mutane sabon kati kyauta, har da lambar gida. Zan kai shi ko da a goye ne.

Af, na kuma yi magana da mai sayen ƙarafa ya zo ya kwashe matacciyar jar motar nan da ke ƙofar gidan. Shekara ashirin tana tara ɓeraye! Baba ya ce sai dai a haɗa da shi.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Verna

Belcourt, 7 ga Nuwamba

Yayata ta kaina,

Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe mini rubutun, ban daina zumuɗi ba tun jiya.

Da ma kina nan! Jiya, ranar zaɓe, muka isa ofishin ƙabila da sassafe, muka tarar layi ya fita har bakin titi. Ƙanƙara na zuba, ana buga ganga, mata na raba miyar dunƙulen nama da gurasa mai zafi. Mutanen da rabonsu da zaɓe tun muna 'yan mata duk sun fito. Har Duane ɗina ya zo, wai rakiya kawai ya yi, amma shi ya riƙa jigilar tsofaffi da motarsa.

Da layi ya zo kanmu, Marlys Azure, wadda ke buga katin, ta tambayi Baba inda gidansa yake. Ya gyara hular soja ya ce, "Haba Marlys, ki bi bayan tafki, ki wuce inda dokin Delorme ya mutu, sai ki karya hagu a tsohon shagon Pete." Yaya, dokin nan ya mutu kafin a haifi Marlys, shagon kuwa ya ƙone tun ina goyon fari! Ta dafe kai ta ce, "Kawu, na san gidan, na sha cin abinci a ciki. Na'urar ce ba ta san dokin ba."

Sai ta juyo mana da allon, ga hoton unguwar da aka ɗauka daga sama. Ta ce ya nuna rufinsa. Gidajen layinmu duk gini ɗaya ne, daga sama sai ka ce an jera akwatin ashana. Ta ce in aka zaɓi na maƙwabci, lambar za ta saɓa da ta wajen masu zaɓe, a ajiye ƙuri'arsa gefe. Ni ma na zuba ido na kasa. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce cikin sanyin murya, "Ni ban taɓa ganin gidana daga sama ba."

Na soma share hawaye ke nan sai ya buga tebur ya ce, "Ga ta nan! Ga 'yar banzar!" Wani ɗigon ja ne ƙarami kamar ƙwayar wake a gaban wani rufi. Motar ce, Yaya! Marlys ta ƙara girman hoton, har tayar da ke kan rufinta ta fito. Ofis ya kaure da shewa.

Da rana ya shiga rumfar zaɓe ya miƙa wa 'yar baftismarsa katin, ya ce, "Duba da kyau, ko ba ni ba ne." Ta duba tana dariya tana hawaye. Ya jefa ƙuri'arsa ya fito, kafaɗa a miƙe, bai ko nemi sandarsa ba. Ban taɓa jin alfahari irin na jiya ba.

A hanyar gida ya ce da ni, "To uwar tsafta, yaushe mai ƙarafan naki zai zo?" Yau da safe na buga wa mutumin waya na ce ya sha zamansa.

Ki zo mana Kirsimeti, don Allah. Gidan ubanki ya yi lamba yanzu, amma kada ki wahalar da kanki nemanta, ba a rubuta ta a ko'ina ba sai a katinsa. Ki nemi jar motar.

Taki har kullum,
Verna Poitra